Bayananmu na Hannun Hukuma da Kamfanoni: Wa Ke da Alhakin Tsare Su?

A watan Disambar 2020 gwamnatin tarayya ta umarci kamfanonin sadarwa su haɗa kowane layin waya da lambar shaidar ɗan ƙasa (NIN) ta mai shi, wanda bai yi ba a toshe masa. Ana tsaka da annobar korona jama'a suka dinga sammako zuwa ofisoshin hukumar NIMC mai ba da lambar, suka wuni a rana, suka dangwala yatsu goma, aka ɗauki hoton fuskarsu, suka faɗi ranar haihuwa da unguwar da suke zaune. Kafin nan, tun 2014, Babban Bankin Nijeriya ya ɓullo da lambar BVN, ita ma da hoto da zanen yatsu. Yau sama da mutum miliyan 100 ke da NIN, kuma da wuya ka buɗe asusun banki, ko ka yi fasfo, ko ka zauna jarrabawar JAMB ba tare da ita ba. Babu wanda aka tambaya ko yana so. Tunda kuwa dole aka yi wa mutane suka miƙa bayanansu, abin da ke hannun hukuma da bankuna da kamfanoni ajiya ce, kuma idan ajiya ta salwanta mai riƙe da ita ake tuhuma. Amma a ƙasar nan an juya lamarin: duk lokacin da aka yi ɓarna, nasihar da ake ji ita ce talaka ya yi hattara.

A shekarar 2024 ƙungiyar kare haƙƙin masu amfani da intanet, Paradigm Initiative, ta fallasa wasu shafuka da ke sayar da bayanan 'yan Nijeriya a kan kuɗi ƙalilan, wani lokaci naira 100 kacal. NIMC ta musanta cewa an kutsa rumbunta, ta ce shafukan ba su da izininta, ta kuma gargaɗi jama'a su daina ba su bayanai. Ko da mun karɓi wannan, tambaya ba ta mutu ba. Hukumar na ba kamfanoni lasisin tantance lambobin mutane, su kuma suna da wakilai, wakilan ma suna da yaransu, har abin ya gangaro shagon kwamfuta na bakin kasuwa inda za ka ga takardun NIN na mutane zube a kan tebur, wasu an yi fotokwafi an bar ragowar a kwali. Ga wanda aka cuta, duk ɗaya ne ko ta babban rumbu bayanansa suka fita ko ta hannun ɗan ƙaramin wakili. Wanda ya haɗa sunanka da NIN da BVN da ranar haihuwarka zai iya neman a yi wa layinka welkam bak, lambobin sirrin da banki ke turowa su koma wayarsa, ko ya buɗe asusu ya ci bashi da sunanka. Katin ATM idan ya ɓace ana toshe shi a ba ka sabo. Zanen yatsa da fuska kuwa, da su za a kai mutum kabari.

Inda cutar ta fi fitowa fili shi ne manhajojin ba da bashi. Magidanci ya wayi gari babu na cefane, ga yaro ba lafiya, sai ya sauke manhaja ya karɓi naira dubu goma da za a biya cikin mako guda da ruwa mai nauyi. Kafin kuɗin su shigo, manhajar ta nemi izinin shiga jerin lambobin wayarsa da hotunansa, ya latsa ya wuce. Ranar da ya makara, sai saƙo ya isa wayar surukinsa, da limamin unguwarsu, da maigidansa a wurin aiki, ɗauke da hotonsa, ana kiransa ɗan damfara. A al'ummar da mutunci ne jarin mutum, da shi ake ba shi aure, da shi ake ba shi kaya bashi a kasuwa, wannan tozarci ya ninka dubu goman nesa ba kusa ba.

Za a ce ai da hannunsa ya latsa ya amince. Wace irin amincewa ce wannan, da aka rubuta sharuɗɗanta da Turancin lauyoyi, da ƙananan haruffa, aka miƙa wa mutumin da matsi ya rufe wa ido? Ko mun yarda cewa shi ya amince, surukin da limamin fa, su wa ya tambaye su kafin a kwashe lambobinsu? Bahaushe ya gina zaure ne don baƙo ya tsaya ya yi sallama, kuma izinin shiga zaure bai taɓa zama izinin leƙa ɗakunan matan gida ba. Hukumomi ma sun gane haka. A Agustan 2021 hukumar bunƙasa fasahar zamani ta NITDA ta ci tarar kamfanin Soko Lending naira miliyan 10 saboda keta sirrin mutane, a 2022 hukumar kare masu saye ta FCCPC ta kai samame ofisoshin wasu masu wannan sana'a a Legas, sannan a 2023 kamfanin Google ya hana manhajojin bashi da ke shagonsa taɓa lambobi da hotunan jama'a. Wannan mataki na ƙarshe ya nuna cewa gyara na yiwuwa daga sama, ba sai an jira kowane mabuƙaci ya zama masanin kwamfuta ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi wajen kare tara bayanan nan ita ce ta tsaro, kuma ba za a raina ta ba. Ƙasar da masu garkuwa da mutane ke cinikin kuɗin fansa ta waya tana da haƙƙin sanin mai kowane layi. Sai dai a Janairun 2024 tsohon ministan sadarwa, Farfesa Isa Ali Pantami, wanda a zamaninsa aka fara shirin haɗa layi da NIN, ya koka cewa hukumomin tsaro ba sa amfani da bayanan yadda ya kamata. Ke nan jama'a sun biya nasu kason, ribar ce ba su gani ba. Ƙari a kan haka, sakaci da bayanai yana rusa tsaron da aka tara su dominsa. Idan ɗan bindiga zai iya yi wa layi rajista da NIN ɗin wani manomi da bai san hawa ba bai san sauka ba, to ranar bincike ƙofar manomin za a buga.

Akwai kuma masu cewa mutane ne ke sayar da kansu, kuma da gaskiyarsu. A 2025 hukumar EFCC ta yi gargaɗi kan matasan da ke bi suna sayen NIN da BVN na mutane a kan naira 1,500 zuwa 2,000, ana buɗe asusun damfara da su. Wasu kuma da fom ɗin tallafin ƙarya da ke yawo a WhatsApp ake kama su. Wayar da kai wajibi ne a nan, a masallatai da gidajen rediyo da makarantun Islamiyya. Amma asusun bogi ba ya buɗe kansa. Kamfanin kuɗin da ya karɓi lamba bai tabbatar da cewa mai ita ne a gabansa ba, don kawai ya ƙara yawan kwastomomi, laifinsa ya fi na dattijuwar da aka yaudara da dubu biyu.

Doka dai akwai ta. Sashe na 37 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, kuma a Yunin 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan Dokar Kare Bayanai, wadda ta kafa hukumar kare bayanai ta NDPC. Dokar ta wajabta sanar da hukumar cikin awa 72 idan bayanai suka fita ta yadda za su cutar da masu su, ta tanadi tarar da za ta iya kai kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar kamfani na shekara, ta kuma ba mutum ikon tambayar abin da aka ajiye a kansa da neman a gyara ko a goge. An ma fara cizo: a Yulin 2024 FCCPC ta ci tarar Meta, mai Facebook da WhatsApp, dala miliyan 220. Sai dai cin tarar kamfanin waje ya fi sauƙi a kan tuhumar 'yar'uwar hukuma, alhali mafi girman rumbun bayananmu na hannun gwamnati ne. Ya kamata NDPC ta binciki ma'aikatun gwamnati da wakilansu kamar yadda take binciken kamfanoni, ta bayyana sakamakon kowa ya gani, a biya waɗanda aka cuta diyya, a kuma buɗe hanyar kai ƙara da Hausa da sauran harsunanmu, ta waya da baki, domin wanda bai iya rubuta takardar koke da Turanci ba shi ma ya samu inda zai kai kukansa.