Taimakon Gwamnatin Amurka Ga Makiyaya Lokacin Annobar Korona

Cikin shekarar 2020 annobar korona ta sa aka rufe waɗansu manyan mayanka a Amurka, kasuwar shanu ta faɗi. Sai Ma'aikatar Gona ta ware dala biliyan 16 domin manoma da makiyaya.

A gunduma kamar Cherry, cikin Jihar Nebraska, makiyayi yakan aika wa ofishin gona takardar lissafin shanunsa. Kowane ɗan maraƙi da ya sayar tsakanin 15 ga Janairu da 15 ga Afrilu, an biya shi dala 102. Wanda ya rage a garke kuwa, dala 33 kurum.

Watau wanda ya riƙe shanunsa yana jiran kasuwa ta gyaru, shi ne rabonsa ya ƙaranta.