Gidan Fatoma a Ƙasar Haɗeja

Duk wanda ya zo Haɗeja sarin kifi ko shanu ko tattasai, abin da 'yan kasuwa za su fara tambayarsa shi ne, "Wa ye mai masaukinka?" Amsar da ya bayar ita ke nuna ko za a sakar masa kaya bashi, ko kuwa sai ya dire kuɗi lakadan. Masaukin fatake a nan ba shi da allo a ƙofa, ba shi da littafin rubuta sunan baƙi. Gidan mutum ne da iyalinsa a ciki, sai zaure, da shago ɗaya ko biyu, da fili a gefe inda ake kafa turke. Mai gidan shi ne fatoma.

Hanya ce ta haifi sana'ar. Haɗeja tana tsakanin Kano da Borno, don haka ayarin da ya ɗauko kanwa daga gabas, da wanda ya ɗauko turkuɗi da goro daga yamma, da mahajjata masu bin ƙasa zuwa Makka, duk sukan yada zango a wannan yanki. Ga kuma kogi. Idan ruwa ya kawo cikin Agusta da Satumba, fadamun Auyo da Kirikasamma da Guri sukan shafe, jaki da mangala ba su da ta yi sai jira, ko a nemi mai fito. Baƙon da ya yi niyyar kwana biyu sai ya share mako yana cin tuwon gidan wani.

Saukar baƙo tana da tsari. Da ya yi sallama, fatoma zai ce, "Lale maraba, sannu da hanya," ya ƙwala wa yaro kira a kawo ruwa. Ba a maganar ciniki sai baƙo ya sha, ya yi salla, an sauke kaya, an zuba wa dabba harawa. Da almuru kwano zai fito daga cikin gida, galibi tuwon shinkafa da miyar kuka da ta ji bandar tarwaɗa. Matan gidan da suka tuƙa shi ba lalle baƙon ya taɓa ganin fuskarsu ba, amma ya san hannunsu, kuma in zai dawo ba ya zuwa haka nan: goro ko sabulu ko turmin atamfa, "a miƙa wa uwargida."

Ba a karɓar kuɗin ɗaki, ba a karɓar na abinci. Ribar fatoma tana cikin la'ada. Shi zai ajiye wa baƙo kuɗinsa, ya haɗa shi da dillali, ya gaya masa wanda kwalin kifinsa ke da kyau a sama da ruɓaɓɓe a ƙasa. Mafi nauyi kuwa shi ne lamuni. In baƙo ya ɗauki kaya ya yi layar zana, wuyan fatoma za a riƙe, kuma sai ya biya ko da gona zai sayar, domin ranar da aka ce gidan wane ba a biya, ranar masaukin ya mutu. Shi ya sa nake ganin masu cewa la'adar fatoma kuɗin banza ce ba su taɓa tsaya wa wani bashi ba.

Bayan Turawa sun ci Haɗeja a Afrilun 1906, inda Sarki Muhammadu ya rasu yana yaƙi, fatauci ya sauya hanya. A 1930 layin dogo ya kai Nguru, ya ratsa ta Malam Madori, ya bar birnin a gefe; gyaɗa da fata suka koma tasha. Daga baya mota ta kashe ayarin jakai. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 kuma suka canza zuwan ruwa, ciyawar kacalla ta toshe magudanai. Duk da haka masauki bai tashi ba, baƙin ne suka canza. Yanzu har da mutanen Kudu masu sarin banda, da masu sayen busassun kwaɗi, abin da Bahaɗeje ba ya kaiwa baki amma ya iya kasa shi.

Al'adar ta bi Hausawa har bakin teku. A Akra, Malam Baƙo ya kafa Sabon Zango wajen 1912, ya riƙa ba baƙi wurin zama. A Sabo ta Ibadan, wadda aka kafa a 1916, da Agege ta Legas, masu gida ne suka daɗe suna riƙe da cinikin shanu da goro: su saukar da mai kaya, su ci da shi, su lamunce masa. Bahaɗejen da ya raka shanu Kudu ba ya bukatar a koya masa komai, abin da ya baro a gida shi ya tarar.

A yau babban ɗan kasuwa yakan kama ɗaki a otal, ya turo kuɗi ta waya. Amma da safe zauren fatoma zai nufa, wanda sau da yawa ɗan wanda ya saukar da mahaifinsa ne, don har yanzu masunci daga Baturiya ba zai ɗora wa baƙo kaya a mota ba sai ya ji wa ya tsaya masa.