KADA RUWA YA KWANA A GIDANKA

Muna gaida ɗaliban karatun manya na Maraɗi, da na Tsibiri, da na Jiratawa, tare da malamansu. Darasinmu na yau a kan gyaran ɗakin ƙasa yake. Ku karanta a hankali. In kun gama, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

ABIN DA YA FARU

Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa duk a bakin Gulbi guda suke. Gulbin nan daga ƙasar Katsina yake fitowa. Yana ba mu fadama, yana ba mu yumɓu, amma wani lokaci yana kawo ɓarna.

Da can birnin Maraɗi cikin fadama yake. A shekarar 1945 Gulbi ya cika ya tumbatsa, ya rushe gidaje masu yawa. Dalili ke nan aka tashi garin, aka maida shi bisa tudu inda yake yanzu.

Hawa tudu ya raba mutane da Gulbi, amma bai raba su da ruwan sama ba. Ran 30 ga watan Agusta na 2024 an yi ruwa mai ƙarfi a Maraɗi. Cikin awa ɗaya da rabi an sami wajen milimetir 150. Mutum 15 aka fara ƙirgawa sun rasu. Kwanaki kaɗan bayan haka, tsohon masallacin Birni na Damagaram, wanda aka gina da ƙasa fiye da shekara 150, shi ma ya faɗi. A damanar 2024 kusan mutum 400 suka rasu cikin ƙasarmu Nijar. Da yawa daga cikinsu ba ruwa ne ya tafi da su ba. Gini ne ya faɗa musu.

Allah ya jiƙansu. Mu da muka rage, sai mu koyi darasi.

Ƙasa ba mugun abin gini ba ce. Ɗakin ƙasa yana da sanyi da bazara, yana da ɗumi da ɗari, kuma ba ya cin kuɗi da yawa. Magabcinsa guda ne: ruwan da ya tsaya. Ruwan da ya zuba ya wuce ba ya kada ɗaki. Wanda ya sami wurin kwana, shi ke jiƙa ƙasa har ta koma laka. Saboda haka aikin mai gida shi ne ya ba ruwa hanya. Wuri uku za a duba: kan ɗaki, da jikin bango, da gindin bango.

MU YI LISSAFI

Ga ɗaki mai tsawon metir 4, faɗin metir 3. Mu ninka: 4 sau 3, 12 ke nan. Wato rufinsa murabba'in metir 12 ne.

Ruwan milimetir 1 yana zuba lita 1 bisa kowane murabba'in metir. To, ranar da aka yi milimetir 150, lita nawa suka zuba bisa ɗakin nan? 12 sau 150, lita 1800. Tano guda yana cin lita 200. Ke nan tano 9 aka juye bisa ɗan ƙaramin ɗaki cikin awa ɗaya da rabi.

In indararo ya toshe, ruwan nan ba shi da mafita. Sai ya tsaya bisa soro, ya shiga cikin ƙasar rufi.

NA FARKO: KAN ƊAKI

Ka hau bisa soronka da kanka, ka duba. Ka taka a hankali, ka bi gefe-gefe kusa da bango.

Share soron sarai. Cire ciyawa, da ganye, da leda, da tarkacen da aka ajiye. Saiwar ciyawa tana huda rufi.

Zuba ruwa bokiti guda a tsakiya, ka ga inda ya nufa. In ya gangara wajen indararo, madalla. In ya tsaya wuri guda, akwai kwari a nan. Cike kwarin da ƙasa kwaɓaɓɓiya, ka daɓe ta. Rufi yana son gangare kamar faɗin yatsa biyu ko uku cikin kowane metir.

Duba indararo. Ko na kwano ne, ko na ƙasa irin wanda magina tukwane suke yi, ya kamata ya fita daga bango kamu guda ko fiye. In gajere ne, ruwa zai bi jikin bango ya yi masa rami. A liƙe gindinsa da kyau, don nan ne yoyo ya fi farawa. Babban soro yana son indararo biyu ko uku. Inda ruwan yake faɗuwa a ƙasa, a jera duwatsu ko tsingaro.

Ga wani kuskure da ake yawan yi. Kowace shekara sai a ƙara sabuwar ƙasa bisa tsohuwa. Ƙasa mai kaurin santimetir 5 bisa ɗakin nan namu ta kusa nauyin buhun siminti 20. In ta jiƙe ta fi haka. Shekara biyar ana ƙari, azara ta gaji. Saboda haka, a kankare tsohuwar ƙasar da ta mutu kafin a sa sabuwa.

Masu shimfiɗa leda ƙarƙashin ƙasar rufi, su tabbata ba ta huje ba, kuma bakinta ya shiga cikin indararo. Leda mai huji tana tara ruwa a ɓoye, itace ya ruɓe ba wanda ya sani.

Yanzu sauko ka shiga ciki, ka ɗaga kai. Ɗauki ƙusa babba ka soki kowace azara, musamman inda ta shiga bango. In ƙusa ta shige da sauƙi, gara ta ci ta ko ta ruɓe. In ka ga hanyar gara bisa bango, kankare ta, ka bi ta har inda ta fito. Giginya ba ta jin gara sosai, amma ta yi wuya a wajenmu. Itacen bedi da na turare da ake sawa yanzu suna son dubawa kowace shekara. Azarar da ta lanƙwashe, a tokare ta da gungume mai ƙarfi nan da nan, sa'an nan a kira magini ya sake ta.

Mai ɗakin kwano kuma ya duba ƙusoshi da wurin da ya yi tsatsa. Ya ɗaure itacen rufi da waya a jikin bango, don iskar farkon damana tana yaye kwano.

NA BIYU: JIKIN BANGO

Yaɓe shi ne rigar bango. Ruwa ya ci yaɓe, ya bar tubali. In yaɓe ya ƙare, sai ya ci tubalin kansa. Bangon gabas ya fi shan wahala, don daga gabas hadari yake taso mana. A fara da shi.

Ƙasar tudun Maraɗi jigawa ce, rairayi ya yi mata yawa. Ta fadama kuwa yumɓu ce. Mutanen Jiratawa, da suka shahara da ginin tukwane, sun san yumɓu tsantsa yana tsagewa in ya bushe. Rairayi tsantsa kuma ba ya kamawa. Sai an gauraya.

Ga yadda za ka gwada ƙasa. Kwaɓa kaɗan, ka shafa a bango wajen faɗin tafin hannu biyu. Bar ta kwana biyu. In ta tsattsage, ƙara rairayi. In tana zuba in ka goga da hannu, ƙara yumɓu. In ta kama ba ta tsage ba, ita ce.

Zuba yankakkiyar ciyawa ko ƙaiƙayi, da kashin shanu ko na jakai. A tattake da ƙafa, a bar ta ta tsima kwana uku ko fiye. Ƙasar da ta tsima ta fi ƙarko. Mai iya samun makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka daka aka jiƙa, ya kwaɓa da ruwanta. Makuba tana hana ruwa shiga.

Kafin ka yaɓa, kankare abin da ya saki, ka share ƙura, ka yayyafa wa bango ruwa. Busasshen bango ba ya riƙe yaɓe. Kada ka sa mai kauri gaba ɗaya. Shafi biyu marasa kauri sun fi guda mai kauri. Bari na farko ya sha iska kafin na biyu. A yi aikin da safe ko da marece.

Wasu suna shafa siminti bisa bangon ƙasa. Ku sani, siminti da ƙasa ba su kama juna da kyau. Bayan ɗan lokaci simintin yana tsagewa. Ruwa ya shiga ta tsagar, ya kasa fita, ya ci bango daga ciki, alhali waje yana da kyau. Ƙwanƙwasa shi ka ji. In ya yi ƙara kamar ƙwarya, ya rabu da bango. A fasa wurin a gyara. Wanda ya ce lalle sai siminti, to a kafa ƙusoshi da ragar waya tukuna, kuma a liƙe kowace tsaga kafin damana.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Amma tsaga iri biyu ce. Akwai ƙarama ta bisa yaɓe, wannan cikewa kawai take so. Akwai mai zurfi, wadda ta ratsa tubali, ko ta raba kusurwar ɗaki. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ga inda karatu zai yi muku rana. Ja layi da gawayi a ƙarshen tsagar, ka rubuta kwanan wata. Bayan mako biyu ka dawo. In ta wuce layin, bango yana motsi. Wannan ba aikinka ba ne kai kaɗai. Kira magini.

NA UKU: GINDIN BANGO

Yawancin ɗakunan da ke faɗuwa, daga ƙasa suke fara mutuwa. Ruwan da ya kwanta a gindi yana hawa cikin bango kamar yadda kananzir ke hawa lagwani. Gindi ya yi laushi, ya zaizaye, nauyin sama ya rasa abin da zai zauna a kai.

Duba gidanka da idon ruwa. Daɓen ɗaki ya fi tsakar gida tudu. Tsakar gida ta fi titi tudu. A tsofaffin unguwanni irin su Bagalam, da Mokoyo, da Ɗan Gulbi, wanda ya ga titi ya fi gidansa tudu ya ɗaga dokin ƙofa, ya cike tsakar gida.

Yi ɗan dakali kewaye da bango, mai gangare zuwa waje. A yi shi da burji ko jar ƙasa, a daɓe sosai.

Buɗe rariya. Ta zama mai faɗi, don rariyar da hannu ba ya shiga ba ta isa ba. Kada ka tura ruwanka gindin bangon maƙwabci. Kada a zuba shara cikin magudanar ruwa ta titi. Magudana in ta toshe, ruwa gidajen mutane yake komawa.

Randa, da wurin wanka, da wurin wanke-wanke, da turken dabbobi, duk a nisanta su da bango. Kada a haƙa salga ko ramin ɗibar ƙasa kusa da gini.

In gindi ya riga ya zaizaye, kada ka sare shi duka rana guda. Gyara metir guda, ka tsallake metir biyu, ka gyara na gaba. Cusa tubali da ƙasa har ya cika. In waɗannan sun bushe, ka dawo ga sauran.

YAUSHE ZA A YI?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Da kaka, tabkuna suna da ruwa, ƙaiƙayi yana da yawa: lokacin buga tubali ke nan. Daga Maris zuwa Mayu a yi yaɓe da gyaran soro. Kafin watan Yuni a ce an gama. Bayan ruwan farko, a sake hawa a duba.

Aikin ya fi sauƙi da gayya. Yau gidan wannan, gobe gidan wancan. Kada samari su manta da ɗakin tsofaffi da na matan da mazansu suka rasu.

ALAMUN HATSARI

Ku riƙe waɗannan guda biyar:

1. Ƙasa tana zubowa daga rufi.
2. Azara tana ƙara.
3. Ƙofa ta ƙi rufuwa, alhali jiya tana rufuwa.
4. Bango ya yi ciki ko ya karkata.
5. Bango ya jiƙe daga ƙasa har gwiwa.

In kun ga ko guda ɗaya, ku fita. Ku fara da yara, da tsofaffi, da marasa lafiya. Kada a koma ɗaukar kaya. Kada ku ce ruwa ya ɗauke, don jiƙaƙƙen ɗaki yana iya faɗuwa bayan an daina ruwa, mutane suna barci. Ku kwana a rumfa ko gidan ƴan uwa. Ku shaida wa mai unguwa. In gini ya danne mutum, a kira ƴan kwana-kwana a lamba 18. Kaya ana sake samu, rai ba a sakewa.

TAMBAYOYI

Malam ya karanta, ɗalibai su amsa, kowa ya rubuta cikin littafinsa:

1. A wace shekara ruwa ya sa aka maida Maraɗi bisa tudu?
2. Ɗaki mai metir 5 da metir 4, in an yi ruwan milimetir 50, lita nawa suka zuba bisa kansa? Tano nawa ke nan?
3. Don me ba a son ƙara ƙasa bisa soro kowace shekara?
4. A gidanku, ina ne ruwa yake kwana?

Wanda ya sami amsar tambaya ta huɗu, ya san inda zai fara aiki gobe da safe.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya tsare mu da iyalinmu. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.