Ƙwallon yashi: Zakunan Senegal sun mamaye Afirka, saura kofin duniya

Lokacin da Sadio Mané da abokansa suka ɗauki kofin CAN a Kamaru a watan Fabrairu na 2022, shi ne karon farko a tarihin Senegal. Amma akwai wasu Zakuna da suka riga su: ƴan wasan ƙwallon yashi, wanda ake kira beach soccer, suna da kofin Afirka 6 a hannu tun kafin ranar. Sun ƙara biyu daga baya, a 2022 da 2024.

Wasan ya sha bamban da tamaular da aka saba gani. Mutum biyar-biyar ne har da mai tsaron gida, ba takalmi, a kan filin rairayi mai tsawon kimanin mita 36. Ana yin zagaye uku na minti 12 kowane, kuma ana canza ƴan wasa ba iyaka. Babu kunnen doki: in an tashi daidai sai a ƙara minti 3, in ba a rabu ba a je bugun fenareti. Idan aka yi wa ɗan wasa ƙeta, ba a tsayar da katanga, shi ne zai buga kai tsaye. Tunda ƙwallo ba ta gudu sosai a kan yashi, yawancin wasan a sama ake yin sa, shi ya sa ƙwallaye ke yawa.

Senegal ta fara cin kofin Afirka a 2008 a Durban, sannan 2011 da 2013. A 2015 Madagaska ta kwace shi a bugun fenareti, kuma tun daga nan ba wanda ya sake karɓe shi. Sau uku Najeriya ta sha kashi a hannunta a wasan ƙarshe: 2011, sai 2016 har gida a Legas, sai 2018 a Masar. A 2024 kuwa Muritaniya ce ta kai wasan ƙarshe a birnin Hurghada, ta sha 6 da 1.

Ba abin mamaki ba ne. A unguwannin bakin teku na Dakar irin su Yoff da Ngor, yara na tashi da buga ƙwallo a kan rairayi, ƙasar tana da gasar cikin gida, kuma ƴan wasa irin mai tsaron gida Al Seyni Ndiaye sun shafe shekaru da dama suna wasa tare.

A kofin duniya ne labarin ke da ɗaci. FIFA ta karɓi ragamar gasar a 2005, Senegal ta fara zuwa a 2007 a Rio de Janeiro, ta kai zagayen kusa da na kusa da na ƙarshe. Nan ta yi ta tsayawa shekara da shekaru. A Mosko a 2021 ta kayar da Brazil, uwar wannan wasa, da ci 5 da 4 bayan ƙarin lokaci, amma Japan ta tare ta, sannan Suwizalan ta hana ta matsayi na uku. A Dubai a 2024 ko rukuni ba ta wuce ba. A 2025, karon farko da aka yi gasar a Afirka, a tsibiran Seychelles, ta sake kaiwa wasan kusa da na ƙarshe, Belarus ta fitar da ita, ta sake ƙarewa ta huɗu. Matsalar a fili take: a nahiyar ba ta samun abokan karawa da za su matsa mata, sai ta isa kofin duniya ta tarar da ƙasashen Turai da ke fafatawa da juna kowace shekara.

Wani abu da ya kamata ƴan Nijar su lura da shi: Suwizalan da Belarus, waɗanda suka taka wa Senegal birki, ba su da teku ko taki ɗaya, kuma kowace ta taɓa buga wasan ƙarshe na kofin duniya. Yuganda ma, wadda ba ta da gaɓar teku, ta zo ta huɗu a Afirka a 2021. Yashi kawai wasan ke bukata, da raga biyu, da hukumar da za ta shirya gasa.