Makarantar Gando: Tsarin Ginin da Makaranta da Gari Suka Yi Tarayya a Kansa

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake tsara harabar makaranta domin ta daɗe tana amfanar ɗalibai da mutanen gari baki ɗaya. An ɗauki misali daga Gando, wani ƙauye a lardin Bulgu na ƙasar Burkina Faso, inda Diébédo Francis Kéré, haifaffen garin wanda ya yi karatun tsara gine-gine a Balin ta Jamus, ya kammala ginin makarantar firamare a 2001.

Matsalar da Kéré ya fara tunkara ita ce zafi. Ajin bulo da aka ɗora wa kwano kai tsaye yakan turara da hantsi, har karatu ya gagara. Sai ya gina ajujuwa uku a jere da tubalin ƙasa da aka gauraya da siminti kaɗan aka matse, ya yi musu rufin ciki na tubali, sannan ya ɗaga kwano bisa ƙarafuna nesa da wannan rufi. Iska na shiga ta tagogi, mai zafin ta tashi ta fice ta sama, ba tare da fanka ko wutar lantarki ba. Kwanon kuma ya zarce bango sosai don kada ruwan damina ya zaizaye shi, wanda shi ne babban abin da ke sa jama'a gudun ginin ƙasa. Tsakanin aji da aji an bar fili mai inuwa inda yara ke wasa ko ɗaukar darasi.

A ganin marubucin wannan maƙala, yadda aka gudanar da aikin ya fi fasalin ginin muhimmanci. Mutanen gari ne suka tara duwatsun harsashi, mata suka ɗebo ruwa, aka koya wa matasa buga tubali da haɗa ƙarfe. Saboda haka idan bango ya tsage, mai gyara yana cikin gari, ba sai an jira ɗan kwangila daga Wagadugu ba. Bahaushe zai kira wannan aikin gayya, sai dai gayya kan watse da yamma, wannan kuwa ta bar sana'a a hannun mutane.

Daga baya aka ƙara gidajen malamai, domin malami ba ya son zama a ƙauyen da babu muhalli, aka kuma ƙara ajujuwa. Ɗakin karatun da aka tsara na ɗalibai ne da sauran jama'a, an kuwa yanka tukwanen ƙasa na gida an dasa a rufinsa domin haske da iska su ratsa.

Makarantar ta sami kyautar Aga Khan a 2004, Kéré kuma ya karɓi kyautar Pritzker a 2022, ɗan Afirka na farko da aka ba.