Aike, Ƙwaya da Bindiga: Yadda Daji Ke Janye Samarin Arewacin Zamfara

Yankin da ya haɗa Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi, wanda garin Ɗan Isa ke cikinsa, ƙasa ce da ta daɗe tana cin abinci daga zirga-zirga. Tun shekarar 1929 layin dogo da ya taso daga Zariya ya tuƙe a Ƙauran Namoda, ya mayar da garin matattarar gyaɗa da auduga da fatu, kuma daga nan hanya ɗaya ta nufi Shinkafi da Isa da Sabon Birni, ɗayar ta bi ta Zurmi ta ɓulla Jibiya, inda matafiyi zai ƙetare iyaka ya iske wata Ɗan Isar ta ƙasar Nijar kafin ya shiga Maraɗi. Baya ga waɗannan manyan hanyoyi akwai burtalai da ɓarayin hanyoyi marasa adadi, waɗanda fatake da makiyaya da 'yan sumoga suka sani kamar tafin hannunsu. Ta nan hatsi da shanu da man fetur suka riƙa fita, ta nan kuma bindigogi suka riƙa shigowa, musamman bayan rushewar gwamnatin Libiya a 2011. Abin da ba a cika tsayawa a duba ba shi ne shekarun hannayen da ke ɗaukar kayan nan, domin da yawansu hannayen yara ne da gemu bai fito musu ba.

Idan aka yi maganar 'yan ƙwaya masu ɗiban yara aikin kisa, hankalin duniya yakan tafi Meziko, inda manyan ƙungiyoyin fataucin hodar iblis, waɗanda ake kira kartel, suke riƙe da garuruwan kan iyaka da Amurka irin su Tihuwana da Siyudad Huwares. Kartel gungu ne mai shugabanci da sassa, wanda ribarsa ke fitowa daga mallakar hanyar da ƙwaya ke bi, saboda haka yake buƙatar mayaƙan da za su tsare masa ita. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2023 ya ƙiyasta cewa waɗannan ƙungiyoyi suna da mutum kusan 175,000, kuma sai sun ɗauki sababbi kimanin 350 kowane mako kafin su cike gurbin waɗanda aka kashe ko aka ɗaure. Yaro a can yakan fara ne da aikin da suke kira shaho, wato ya zauna a bakin titi da waya yana sanar da motsin jami'an tsaro.

Wanda ya nemi irin wannan ƙungiya a dajin Dumburum ko na Sububu ba zai same ta ba, kuma rashin fahimtar bambancin yana ɓatar da masu neman magani. Kuɗin ɓarayin dajin Zamfara daga fansar mutane yake fitowa, da satar shanu, da harajin da suke ɗora wa ƙauyuka kafin shuka da kafin girbi, da kuma ramukan zinariya. Ba su da shugaba ɗaya. Kowane kachalla, wato jagoran daba, yana da yaransa da yankinsa, kuma sukan yaƙi juna kamar yadda suke yaƙar gwamnati. Dillalan ƙwaya wani rukuni ne dabam da ke zaune cikin gari, dajin kuwa babban mai ciniki ne a wurinsu. To amma a wurin yaron da ake janyewa, wannan bambanci bai rage komai ba, domin ƙwayar da ba ita ce hajar kachalla ba ita ce albashin da yake biya, ita ce kuma igiyar da yake ɗaure yaransa da ita.

Kasuwar ƙwayar ta riga rikicin girma. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya nuna cewa 'yan Nijeriya miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wani abin maye a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 10.6 tabar wiwi, miliyan 4.6 kuma magungunan kashe ciwo irin su tramadol, wanda a bakin jama'a ya koma tramol. Tramadol magani ne na halal da likita kan rubuta a ƙwayar miligiram 50 ko 100, amma wanda ake fasa-ƙwaurinsa daga Indiya ta tashoshin jiragen ruwan Legas da Kwatano da Lome yakan kai miligiram 225, kuma ba don mai ciwo aka yi shi ba. Da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a watan Mayun 2018, bayan rahoton binciken BBC, masu sha ba su daina ba, sauya kwano suka yi. Wani ɓangare na kayan yana wucewa arewa ta Nijar zuwa Agadas da Libiya, hanyar da manyan dillalai ma ke bi, kamar yadda kama tan 17 na ƙullin wiwi a Yamai cikin Maris na 2021 ya nuna. Arewacin Zamfara ba shi ne zangon ƙarshe na wannan fatauci ba, amma ayari ba ya wucewa bai zubar da wani abu a gefen hanya ba.

Talaucin da ke shirya yaro domin wannan kasuwa ba ya buƙatar dogon bayani. Alƙaluman hukumar ƙididdiga na 2019 sun sa kusan kashi 74 cikin ɗari na mutanen Zamfara ƙarƙashin layin talauci, kuma a tsakiyar 2024 ƙungiyar likitoci ta MSF ta auna yara 'yan ƙasa da shekara biyar a Shinkafi da Zurmi ta samu fiye da ɗaya cikin huɗu na fama da tamowa. Gidan da ƙanin ya kwana da yunwa, yayan mai shekara goma sha biyar ba zai tsaya dogon bincike a kan wanda ya ba shi aiki ba. Sai dai talauci kaɗai bai isa dalili ba, don kuwa mafi yawan 'ya'yan talakawan yankin ba su taɓa riƙe bindiga ba, su ne ma ake sacewa. Abin tambaya shi ne ta wace ƙofa 'yan kaɗan ɗin suke shiga.

Ƙofar da ta fi faɗi ita ce aike. A tarbiyyar Bahaushe da Bafulatani, yaro na kowa ne, kuma yaron da babba ya aika ya tsaya tambayar dalili ana ɗaukarsa marar kunya. Wannan ɗabi'a, wadda ta rayar da ƙauyuka shekaru aru-aru, ita ce ɓarayin daji suka kama. Daba ba ta noma burodi, ba ta haƙo fetur, ba ta da shagon cajin waya. Duk abin da ɗaruruwan mutane za su ci su sha a cikin daji sai an kai musu daga gari. Saboda haka ɗan kabu-kabun da ciniki ya yi wa ƙaranci, ko ɗan bumburutun da ke sayar da mai a galan, ko almajirin da ya rasa gidan aiki, wani wanda ya sani zai tare shi ya ce ga saƙo a kai gindin tsamiya kaza, a kuma biya shi ninkin abin da ya saba samu a yini. Saƙon farko yakan zama burodi da lemo da katin waya. Na biyu yakan haɗa da taba da ƙullin wiwi. Kafin ya farga, ana cusa katan ɗin ƙwaya a cikin buhun gari ko ƙarƙashin kujerar babur, kuma an zaɓe shi ne daidai saboda ƙuruciyarsa, tunda mai tsaron shinge ba ya cika zargin yaro.

Daga aike sai tambaya. Wa ya sayar da shanu ranar kasuwa, wane gida ɗansu ya aiko da kuɗi daga kudu, yaushe sojoji suka bar gari? Yaron da ya amsa ya zama abin da mutanen yankin ke kira infoma, wato mai tsegunta wa ɓarayi asirin garinsu, kuma wannan shi ne matakin da ba a cika komowa daga gare shi ba. Ranar da aka sace maƙwabcin da ya nuna, asirinsa ya koma hannun kachalla, wanda kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta sa 'yan gari su kashe yaron. Daga nan daji ya fi masa gida aminci. A can ma ba bindiga ake fara danƙa masa ba: kiwon shanun sata ne, da ɗebo ruwa, da gadin waɗanda aka sato, kuma waɗanda suka kuɓuta daga hannun ɓarayi sun sha ba da labarin cewa masu gadinsu yara ne ƙanana, kuma sau da yawa sun fi manyan rashin imani, domin yaro yana son a ga ya isa.

A nan ne ƙwaya take yin aikinta na gaske. Tramadol mai ƙarfi yana kashe gajiya da yunwa da zafin rauni, yana sa mutum ya yi tafiyar dare a kan babur bai ji a jikinsa ba, wiwi da sauran ƙwayoyin kwantar da hankali kuma suna danne abin da ido ya gani da rana. Jiki yana sabawa da sauri, har ya zamana rashin ƙwayar yana kawo ciwon gaɓoɓi da gumi da rashin barci, yawanta kuma yana kawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Yaron da ya kai wannan hali ba ya buƙatar mari ko ankwa, tunda mai ba shi maganin safiya shi ne ubangidansa. Kason da yake samu daga kuɗin fansa ma yakan koma aljihun dillalin da ke cikin gari, wanda shi ba ya kwana a daji, jirgin yaƙi ba ya nemansa, kuma yakan yi sallar Juma'a a sahun gaba.

Akwai wata ƙofar, wadda ta fi shafar 'ya'yan makiyaya. Ɗan Fulani yakan tashi da saniyarsa tun yana goye, da ita zai yi aure, da ita za a kira shi mutum a ruga. Idan aka kore garken gidansu, ko ɓarayi suka kora ko 'yan sa-kai, abin da ya rasa ya wuce dukiya. 'Yan sa-kai, wato 'yan bangar da suka ɗauki doka a hannunsu, sun yi ta kashe Fulani a kasuwanni bisa zargi kawai, kuma manyan ɓarayi irin su Bello Turji, wanda ya yi ƙaurin suna a yankin Shinkafi, sukan kafa hujja da wannan kisa a duk lokacin da suka yi magana. Hujjar ba ta wanke jinin manoman da suka zubar, amma tana aiki a kunnen marayan da ya ga gawar mahaifinsa. Kwamitin da gwamnatin jihar ta kafa a 2019 ƙarƙashin tsohon Sufeto Janar na 'yan sanda Muhammad Dahiru Abubakar ya ƙirga mutum fiye da 6,000 da aka kashe tun 2011 da marayu fiye da 25,000. Marayun nan na ɓangarorin biyu ne, kuma waɗanda suke 'yan shekara bakwai a lokacin yanzu samari ne. Wasu kuma ba ta kowace ƙofa suka shiga ba, sato su aka yi, aka rasa mai fansarsu, suka girma a daba.

Matakan hukuma sun fi karkata ga toshe hanya. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, aka sake rufe ta Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, kuma a Satumbar 2021 aka katse layukan waya a Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, aka hana sayar da mai a jarka. Matakan sun takura wa ɓarayi na ɗan lokaci, amma sun kuma kashe ƙananan sana'o'in da samari ke rayuwa a kansu, suka tsadar da kuɗin aike, domin duk abin da ya yi wuyar kaiwa daji ladan mai kai shi ƙaruwa yake yi. Kashe manyan kachalloli, kamar Halilu Sububu a Satumbar 2024, nasara ce ta gaske, sai dai daba takan tsage gida-gida bayan mutuwar mai ita, kowane yaro mai bindigogi goma ya zama kachallan kansa, ya shiga neman nasa yaran. Naɗa kachalla Ado Aleru sarautar Sarkin Fulani a 'Yandoto cikin Yulin 2022 kuwa, ko da yake gwamnati ta dakatar da sarkin da ya yi naɗin, ya riga ya koya wa duk yaron da ya kalli hoton a waya inda hanyar rawani take.

Mafi ƙarancin abin da aka tanada shi ne hanyar dawowa. A idon doka, wanda bai kai shekara goma sha takwas ba yaro ne ko da an kama shi da makami, kuma gyara ya fi cancanta da shi, amma tun da aka ayyana ɓarayin daji a matsayin 'yan ta'adda a Janairun 2022, yaron da ya gudo yana fuskantar tuhuma mai nauyi a gaban hukuma, da wuƙar 'yan sa-kai a gari, da harsashin ubangidansa a bayansa, ga kuma jikin da ke neman ƙwaya kowace safiya a yankin da wuraren jinyar masu shaye-shaye suka yi ƙaranci ƙwarai. Sulhun da gwamnatocin jihar suka yi a 2016 da 2019 da kachalloli aka zauna, su aka yi wa alkawari, su suka karɓi abin da aka bayar. Ko tayin da Gwamna Bello Matawalle ya yi a 2020, na ba da shanu biyu ga duk wanda ya miƙa bindiga ƙirar AK-47, bai isa ga yaron ba, domin bindigar da ke rataye a kafaɗarsa galibi ta kachalla ce, aro aka ba shi, kuma kowane dare sai an ƙirga.