Ra'ayin Nietzsche Kan Wasan Ban Tausayi da Wasannin Hausa

Manufar wannan maƙala ita ce a ɗan yi wa ɗalibin adabin Hausa bayanin ra'ayin wani masani Bajamushe, Friedrich Nietzsche (1844-1900), game da wasan ban tausayi, sannan a gwada shi da abin da muke da shi a gida. Shi wannan malami ya hau kujerar farfesa a Jami'ar Basel ta ƙasar Suwizalan a 1869 yana ɗan shekara 24, kuma a 1872 ya fitar da littafinsa na farko, wanda za a iya fassara sunansa da Haihuwar Wasan Ban Tausayi.

A ganinsa, fasahar Girkawan dā ta tsaya ne bisa ƙafa biyu, ya kuma laƙaba wa kowace sunan wani abin bautarsu. Afolo shi ne tsari da natsuwa da kyawun sura. Diyonisus kuwa shi ne kiɗa da shauƙi, irin halin da mutum kan manta da kansa ya narke cikin taro. Ya ce daga 'yan amshi wasan ya samo tushe, kafin a fitar da tauraro gaba. Da ƙafafun nan biyu suka haɗu, sai Girkawa suka iya zuba wa bala'i ido ba tare da sun tsani rayuwa ba. Misali shi ne Odifus na Sofokilis, wanda ya kashe mahaifinsa ya auri mahaifiyarsa, alhali bai sani ba. Babu wata nasiha da za ta cece shi. Nietzsche ya ɗora alhakin mutuwar wannan fasaha a kan Yurifidis da Sokiratis, don sun nace lalle kowane abu sai ya zo da dalilin da hankali zai karɓa.

To, in muka juyo gida fa? Rubutattun wasanninmu da suka ƙare da baƙin ciki, kamar Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina (1979), wasannin gargaɗi ne. Wanda ya faɗi a cikinsu, an ja masa kunne ya ƙi ji. Da ya ji, da ya tsira. Ko da wasa ya koma kaset, tun daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990, wanda marigayi Aminu Hassan Yakasai ya rubuta, kalmar da masu sana'ar suka fi kāre kansu da ita ita ce faɗakarwa. Da Nietzsche zai yi mana alƙalanci, ɓangaren Sokiratis zai tura mu.

Amma duk wanda ya tsaya a lungunan Yakasai bayan goma ga watan azumi, ya ga yara sun fito tashe, ya san ɗaya ƙafar ba ta ɓace mana ba. Ga mai bayarwa, ga 'yan amshi, ga yaron da ya liƙa gemun auduga ya zama tsoho, 'yan kallo kuma ba a rarrabe su da 'yan wasa. Haka abin yake a kiɗan 'yan tauri, balle a garayar masu bori. Sai dai shi tashe da dariya da sadaka yake ƙarewa, ba a mutuwa a cikinsa.

A nawa ganin, kayan haɗin duka biyu muna da su, tukunya ɗaya ce ba su shiga ba, kuma akwai dalili. Ƙaddarar Bagirke makauniya ce, ba ta san mai laifi da marar laifi ba. Bahaushe Musulmi kuwa ya yarda ƙaddara daga Allah take, kuma akwai hisabi a gaba, saboda haka labari ba ya ƙarewa a bakin kabari. Ɗalibin da ya auna Malam Jatau da ma'aunin Odifus zai ce wasan ya gaza, alhali Maƙarfi bai ɗauki alƙalami don ya rubuta irin wancan ba.